Daminar Tsutsa da Kwamfutar da Ta Sandare

Shekaranjiya da hantsi na zagaya bayan gida in tsinko yakuwa, sai idona ya faɗa kan 'yar masarar da muke shukawa a gindin katanga. Ganye ɗaya ya huhhuje kamar an bi shi da tsinke. Na buɗa tsakiyarta, sai ga ɗan garin nan mai kama da dusar katako da tsutsa take bari. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Magani yana nan a shagon bakin titi, ko yanzu na so sai a sayo min, amma na kasa ɗauke ido daga ganyen. Wata damina ce ta dawo min, wadda ba na son tunawa.

A shekarar azumi ya faɗo daidai farkon damina. Ruwan shuka ya sauka da wuri, tun kafin a ga wata, mutane suka yi ta murna. Amma azumin damina sai wanda ya yi shi. Ruwa zai sauka da safe, kafin azahar rana ta buɗe, ƙasa ta riƙa fitar da tururi, riga ta manne a baya. Manomi ya fita tun da duhu-duhu, ya dawo leɓensa ya yi fari. Ga hatsin bara ya yi ƙasa a kowane gida, ana auna na kunu da tafin hannu. Idon kowa yana kan masara, don ita ce take fara nuna ta kori yunwa kafin gero ya iso.

Ni 'yar Ruwan Bago ce ta ƙasar Rogo, aure ne ya kawo ni Karaye. Maigidana, Malam Nura, yana koyar da kwamfuta a wata sakandare. Lokacin ina goyon 'yarmu ta fari, Ummi. Mahaifina kuwa manomi ne tun tashinsa, kuma a wannan shekarar ya bar gyaɗa ya ba masara babbar gonarsa gaba ɗaya, saboda bara ta yi wa maƙwabtansa kyau.

Masara ta kai gwiwa, ta yi kore shar, sai tsutsar ta bayyana. Ba irin wadda aka saba gani ba ce. Tsofaffi ma cewa suka yi ba su san ta ba. Da rana ta shige can cikin zuciyar masara ta ɓuya, kafin gari ya waye ta mayar da ganye tsumma. Na je gida na yi 'yan kwanaki, na tarar da Inna da ƙannena mata suna bin kunya-kunya da ƙwaryar toka, kowace masara a zuba mata ɗan tsunkule a tsakiya. Na ɗaura Ummi na shiga cikinsu. Toka ta ci mana yatsu har suka tsattsage, tana shiga hanci, ga ƙishirwa, ba damar ko kurkure baki da daɗi. Wasu yashi suke zubawa, wasu ruwan ganyen darbejiya, wasu garin sabulun wanki. Mu wuni muna yi, da yamma hadari ya taso ya wanke komai. Washegari a sake hura wuta don a sami wata tokar.

Baba ba ya cikin masu yawan magana. Ranar da zan koma Karaye ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Saude, ki gaya wa Malam, in maganin nan na ƙungiya ya iso a sanar da mu da wuri. Kwana ɗaya ma yana da yawa a wajen abin nan."

Ƙungiyar da yake nufi ta manoman masara ce, ta haɗa mutanen Ruwan Bago da Gwangwan da Beli da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Shugabanta Alhaji Isiyaku ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano har aka yi masa alkawarin maganin feshi. Matsalar ita ce sanar da mutane, don ƙauyukan a warwatse suke, hanyoyi kuma sun jiƙe. A lokacin ba kowa ke da babbar waya ba kamar yanzu da za ka yi magana da baki ka tura wa mutum ɗari. Ƙananan wayoyi ne, sai saƙon tes, wanda bai iya karatu ba ya miƙa wa na kusa ya karanta masa.

To, Malam ya taɓa rubuta wa ƙungiyar wata 'yar manhaja ta aika sanarwar taro. Tana cikin tsohuwar kwamfutar tebur da ke falonmu, wadda muke haɗa wa batirin mota idan an ɗauke wuta. A bayanta ana soka modem, ɗan abu kamar yatsa mai ɗauke da layin waya, ta nan saƙo yake fita. Ni ce mai rubuta saƙonnin, don Malam ya ce Hausata ta fi tasa gajarta. Lokacin da shugabanni kaɗai ake aika wa, lafiya lau take aiki. Da aka zuba mata lambobin manoma duka, sai ta nuna halinta. Ka danna maɓallin aikawa, fuskar ta yi fari-fari kamar an shafa mata alli, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, a sama ta rubuta da Turanci wai ba ta amsawa. Ba ka san ko tana aiki ba, ba ka san ko ta mutu ba.

"Wai me yake damunta ne, Malam?" na tambaye shi wata rana bayan la'asar, ina tankaɗen garin kunu a bakin ƙofa.

Ya share gumi ya ce, "Ma'aikaci ɗaya ne a cikinta, Saude. Shi ne mai kai saƙo, shi ne kuma mai saurarenki idan kin danna wani abu. In ya tsaya jiran modem, babu mai amsa miki."

"To ka ƙara masa 'yan'uwa mana."

"Abin da nake fama da shi ke nan. Masu abin zare suke ce musu. Kowane zare ya kama aikinsa a bayan fage, na gaba ya tsaya yana kula da fuska."

Ya aro modem biyu ya haɗa da namu, ya ba kowanne ma'aikacinsa. A baki abin da sauƙi. Gwajin farko, ma'aikatan suka riƙa wawar lamba ɗaya, wani mutumin Beli ya sami saƙo sau uku, maƙwabcinsa bai sami ko ɗaya ba. Ya gyara wannan. Gwaji na gaba, kowane ma'aikaci yana son rubuta rahotonsa a fuskar a lokaci guda, manhajar ta rufe kanta ɗif. Rannan ya kashe kwamfutar da ƙarfi, rabin lambobin suka lalace, sai da muka sake shigar da su da hannu. Daga nan ya gargaɗe ni, "Ko me za ta yi, kada ki zare komai, kada ki kashe. Ki jira ni."

Haka muka yi ta yi. Ya dawo daga makaranta da azahar, ya yi salla, ya zauna gabanta da 'yar shara, fanka ba ta juyawa don ana tattalin batir. Yana neman bayani a wayarsa, shafi ɗaya ya ɗauki lokacin da zan wanke wake in kai niƙa. Ina jin sa yana magana shi kaɗai. Wani lokaci in leƙo in gan shi ya kifa kai a kan tebur, yunwa da lissafi sun haɗu sun rufe masa ido. A ƙarshe ya kai ta inda ma'aikatan uku suna tafiya ba faɗa, amma fuskar tana nan tana sandarewa har sai sun gama. Ya ce zai gano dalili, a ba shi lokaci. Tsutsa kuwa ba ta san da wannan ba.

Ranar da abin ya faru Malam yana tsaron jarrabawa, wayarsa a kashe. Da hantsi Alhaji Isiyaku ya kira ni, muryarsa cike da murna.

"Maman Ummi, an dace! Mota za ta taso gobe da sassafe. Maza a gaya wa kowa ya zo shagon ƙungiya a Rogo da famfonsa na feshi da kwalba."

Na yi hamdala, na wanke hannu, na zauna na rubuta. Har yau ina tuna yadda na yi ta rage kalmomi don saƙon ya shiga guda ɗaya. Na yi bismilla na danna. Fuskar ta yi farin nan nata. Na bar ta na koma tsakar gida ina ta yi wa Ummi waƙa, ina hango Baba da famfo a baya.

Ban gama shanya wanki ba wayar ta sake ƙara.

"Maman Ummi, kin aika?"

"Yanzu na danna, Alhaji."

"Tsayar da shi! Don Allah tsayar da shi. Yanzu suka kira ni, kayan ba su fito ba, sai wani makon in Allah ya yarda."

Na shiga falo a guje. Ga maɓallin tsayawa nan ina ganinsa, ja, Malam da kansa ya zana shi. Na danna, shiru. Na sake dannawa, na yi ta dannawa har yatsana ya yi zafi. Zoben yana ta juyawa abinsa. Na kira Malam, a kashe. Na leƙa bayan kwamfutar, fitilun modem suna ƙyaftawa, amma ai kullum haka suke ƙyaftawa ko ba a aika komai. Na kai hannu zan zare, na tuna lambobin da suka lalace, na janye. Na ce wa raina wataƙila ta mutu ne kamar yadda ta saba, wataƙila babu abin da ya fita. Ummi ta fara kuka, na ɗauke ta na tsaya a tsakiyar falo ina jijjiga ta, ina kallon farin gilashi. Ban taɓa jin hannuwana ba su da amfani kamar ranar ba.

Sai ga kiran ƙanwata Hajara daga Ruwan Bago. "Yaya, mun ga saƙo! Baba har ya tafi aron famfo."

Nan na zare modem ɗin duka ukun. Da Malam ya dawo ya duba, saura kaɗan ne ba su fita ba. "Inna lillahi" kawai yake ta maimaitawa a hankali. Ya kashe na'urar ya sake kunnawa don mu aika saƙon gyara. Kafin kwamfutar ta gama tashi, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara dukan kwanon ɗaki. Aka yi wata tsawa da ta sa awakin maƙwabta kuka, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya, rufin falo ya fara yoyo, muka lulluɓe kwamfutar da ledar shimfiɗa. Malam ya fita cikin ruwan da waya a leda, ya hau tudun bayan makaranta ko zai samu, ya dawo sharkaf babu ko sanda ɗaya. Da aka kira magariba na ajiye masa kunun tsamiya da ƙosai. Ya kurɓi ruwa, ya riƙe ƙosai ɗaya a hannu har ya huce.

Gari ya waye babu sabis. Malam ya ce ba zai bar Alhaji shi kaɗai da mutane ba, na ce ƙafarsa ƙafata. Muka hau babur da Ummi a baya. Hanyar Rogo ta zama taɓo, wuri-wuri sai na sauka ya tura. Tun kafin mu isa muka fara wuce su, wani a keke, wani a ƙasa, famfo a baya, wandon a naɗe zuwa gwiwa. Kowa muka wuce sai ya ɗaga mana hannu da fara'a.

Da muka isa rana ta buɗe. Sun cika gindin bishiyoyin da ke gaban shagon, kwalabe a jere a ƙasa. Alhaji Isiyaku ya hau kan benci ya yi musu bayani, ya ba da haƙuri, ya ce motar ce ba ta taso ba, na'urar kuma ta ƙi tsayawa. Na zaci za a yi hayaniya. Ba a yi ba, kuma shirun ya fi hayaniya ciwo. Azumi bai bar wa kowa ƙarfin faɗa ba. Wani dattijo daga Gwangwan, Malam Audu, ya matso kusa da maigidana.

"Malam, kai ne mai saƙon?"

"Ni ne, Baba. A yi haƙuri."

"Yau aka sa min gayyar noma. Jiya da na ji saƙonka na bi mutane gida-gida na ce su bari." Ya dubi kwalbarsa, ya juya ta. "Shi abin naku, in ya fara magana ba a iya ce masa ya yi shiru?"

Malam ya dubi kwalaben da ke jere a ƙasa. Ya ce, "Har yanzu dai ban iya ba."

Mahaifina yana cikin na ƙarshen isowa, yana tura keke don taɓo ya cushe tayar. Wani ya tare shi da labarin tun daga nesa. Na ga ya tsaya, ya ɗan jima a tsaye, sannan ya ƙaraso. Malam ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya fara ba da haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Tashi, Malam Nura. Ai ba kai ka riƙe motar ba." Ya juyo gare ni. "Ke kuma kika fito da yarinyar nan cikin wannan rana? Ku koma gida."

Ya zauna a kan saiwar bishiya ya sa tsinke yana cire taɓon tayar. Ina da ruwa a jaka saboda Ummi, amma ba abin da zan iya miƙa masa. Ya gama, ya gyara ɗaurin famfon aro, ya juya keken ya nufi hanyar da ya fito.

Bayan kwana biyu sabis ya dawo. Malam ya sami wani abokin karatunsa a Kano, suka daɗe a waya yana karanta masa abin da ya rubuta layi-layi. Ashe abu ɗan ƙarami ne. Ma'aikacin gaba, bayan ya saki na baya, an ce masa ya tsaya ya jira su gama, shi ya sa ba ya jin kowa. Abokin ya ce na gaba kada ya jira kowa, na baya kuma kada su taɓa fuska. A ajiye musu wuri ɗaya kamar kwando, kowa ya gama saƙo ya jefa rahotonsa a ciki, na gaba ya riƙa leƙawa yana kwashewa yana nunawa. Lambobi kuma a jera su layi ɗaya, kowa ya ɗauki ta gaba. Sannan a kafa wata alama da kowane ma'aikaci zai duba kafin ya ɗauki sabuwar lamba, in an ce tsaya ya tsaya.

A goman ƙarshe ta yi aiki. Ya kira ni daga madafa, ya ce in zauna in danna. Na danna. Fuskar ba ta yi fari ba. Wani ɗan koren layi ya fara tafiya, a ƙasa sunaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Tsayar da ita." Na danna jan maɓallin, ta tsaya cak. Muka dubi juna. Na zaci zan yi murna, sai na ji hawaye. Na tashi na koma wajen tukunyata.

Magani bai iso ba sai dab da Salla. Wannan karon sai da Alhaji ya ga kwalaye da idonsa a cikin shago sannan ya kira. Saƙo ya fita sumul, amma da yawa ba su zo ba sai da suka ji daga bakin wanda ya karɓa. Waɗanda shukarsu ta baya ce sun tsira da wani abu. Masu shukar farko irin Baba, tsutsar ta riga ta girma ta cinye zuciyar. Ya yi feshin duk da haka, safe da yamma, kamar yadda na rubuta a saƙon. Masarar ta tsaya a gona da yagaggen ganye, mafi yawanta ba ta yi goyo ba.

Bayan Salla da 'yan kwanaki muka ji sallamarsa a zaure. Baba ba mai zuwa gidan suruki ba ne, duk zamana a Karaye wannan ne zuwansa na biyu. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo fura, ya sha kaɗan. Bayan gaisuwa ya ce yana so ya ga na'urar. Malam ya kai shi falo. Ya tsaya a bakin tebur hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallonta.

"Yanzu tana jin magana?"

"Tana ji, Baba."

"To ina da saƙo. Zan sare masarar nan in shuka wake tun da sauran ruwa, amma ba ni da iri. Saude, rubuta. Ki ce Haruna na Ruwan Bago yana neman irin wake mai saurin nuna, wanda yake da saura ya taimaka."

Na san abin da wannan maganar ta ci masa. Mutumin da a gidansa ake zuwa neman iri. Na rubuta, na karanta masa, ya ce in cire "ya taimaka" in sa "ya yi magana". Na danna. Koren layin ya kama tafiya, yana bin sa da ido. Can sai aljihun rigarsa ya yi ƙara. Ya laluba ya ciro 'yar wayarsa, ya miƙo min kamar yadda ya saba.

"Duba min, wa ye?"

"Naka ne, Baba. Lambarka tana ciki."

"Karanta dai."

Na karanta masa. Ya saurara har ƙarshe, kai a sunkuye, kamar labarin wani ake ba shi. Ya ce, "Allah ya rufa masa asiri." Ya karɓi wayar ya mayar aljihu, ya ce zai kama hanya kafin hadari ya haɗu.

An sami irin, wajen mutum biyu a Beli, ba mai yawa ba. Waken ya yi daidai gwargwado, shi muka ci, shi aka sayar aka sayi dawa, aka lallaɓa har wata damina. Rumbun masara kuwa Inna ta share shi tun kafin kaka kamar kowace shekara, ta bar shi a buɗe ya sha iska. Kajinta ne suka yi ƙwai a ciki.